Ƙaramin Sani Ƙuƙumi: Labarin Ciwon Zuciyar Yayata

Da Editan wannan mujalla tamu ya nemi kowane ɗan ƙungiya ya kawo abin da ya sawwaƙa, niyyata ta farko ita ce in yi ɗan rubutu a kan kalmar nan "zuciya" da irin yadda Bahaushe yake sarrafa ta cikin zancensa. Har na fara tara misalai. Mukan ce wane yana da zuciya, watau mai saurin fushi ne. Mukan ce zuciyar wane ta mutu, watau ba ya kishin kansa. Akwai mai farar zuciya, akwai mai baƙar zuciya, akwai kuma wanda ya haɗiyi zuciya ya mutu. To a kan wannan misali na ƙarshe ne alƙalamina ya tsaya cik, domin kuwa abin da wasu suka faɗa ke nan game da yayata a garinmu, cikin daminar 2015. Saboda haka na ture nazarin harshe gefe guda, na ce bari in ba ku labarinta, da labarin zaluncin da ni kaina na yi wa wata tsohuwa bisa ƙaramin sani.

Garinmu Fakku yana cikin ƙaramar hukumar Kebbe, can kudancin Jihar Sakkwato, maƙwabtan Tambuwal. Gidanmu gidan manoma ne, gero da dawa su ne abincinmu, su ne kuma kuɗinmu. Yaya ita ce babba a ɗakinmu, ita ta goye ni, ita takan ɓoye mini ƙanzo idan na makara wajen kiwo. Siririya ce tun asali, ba ta da yawan magana. An yi mata aure tana da shekara 17, shekara na zagayowa ta sami ciki, da ya kai wata bakwai aka kawo ta gida goyon ciki kamar yadda aka saba yi wa mai cikin fari. Ni kuwa a lokacin ina aji uku na sakandare, na zo hutu, saboda haka duk abin da zan faɗa a nan da idona na gani.

Kowa ya san yadda damina take a ƙauye kafin sabon gero ya nuna. Rumbu ya yi ƙasa, aiki ya yi yawa, tuwo sai da dare. Laulayi ya riga ya tsotse Yaya, ga shi ba ta samun abin da zai mayar mata da jiki. Amma da cikin ya tsufa sai muka ga ta fara cika. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fuskarta ta yi suntum, zoben azurfar da ke hannunta ya nutse cikin yatsa. Takan ɗaure kanta da kallabi tamau saboda ciwon kai, wata rana kuma na ji tana gaya wa Inna a hankali cewa tana ganin wasu abubuwa kamar taurari suna gilmawa a idonta. Matan gida suka ce ai haka ciki yake, in ta sauka zai sace. Ba a kai ta awo ba ko sau ɗaya. Ba rowa ce ta hana ba. A gidan mijinta ba a saba ba, a gidanmu ba a saba ba, ita kuma kunyar cikin fari ba za ta bar ta ta buɗe baki ta ce a kai ta ba. Wa ya taɓa jin mai cikin fari ta ambaci cikinta a gaban manya?

Allah ya sauke ta lafiya a gida, a hannun ungozoma, aka sami 'ya mace. Daga ranar sai kakarmu, mahaifiyar Baba, ta karɓi aikin jego. A nan sai in ɗan tsaya in gabatar da ita, don ita ce rabin labarin. Tsakanina da ita akwai wasan nan na kaka da jika. Ita takan kira ni Maigida, ni kuma in kira ta Uwargida. In na dawo daga makaranta tun daga zaure za ta fara, "Maigida ya dawo hannu rabbana, ko cehwane babu!" A unguwarmu kuwa ba wadda ta kai ta sanin wankan jego, har daga wasu gidaje ake zuwa biɗarta.

Ga yadda ake yi, don waɗanda suka tashi a birni. Tun da asuba za a ɗora babbar tukunya, ruwa ya tafasa da ganyen dogon yaro a ciki, a kai bayan ɗaki, a riƙa tsoma damin ganye ana fyaɗa wa mai jego a jiki. Da la'asar a sake. Tsakanin wanka da wanka kuma ta kwanta bisa gadon ƙasa wanda aka hura garwashi a ƙarƙashinsa, ɗaki a rufe. Abincinta kunun kanwa mai kauri, da nama mai yaji in an samu. Haka za a yi har kwana arba'in. Dalilin tsofaffi shi ne haihuwa tana barin jikin mace ɗanye, in ba a gasa shi ba sanyi zai shige ta, ta kumbura. Kunun kanwa kuma, in ji su, yana kawo ruwan nono, yana wanke ciki. Kada in manta, ni ne mai faskaren itacen da aka yi wannan wanka da shi.

An yi suna lafiya. A cikin mako na uku sai Yaya ta fara tari, musamman da dare. Daga ɗaki zuwa bayan ɗaki sai ta tsaya ta dafa bango tana haki kamar wadda ta yi gudu. Kwanciya ta gagare ta, domin da ta miƙe sai numfashi ya sarƙe, saboda haka a zaune take kwana, ta jingina da bango. Kumburin da aka ce zai sace sai ya hau har cinya da ciki. Kaka ta duba ta, ta girgiza kai, ta ce, "Sanyi na yash shige ta. A ƙara mata wuta." Na ƙara faskare, aka ƙara garwashi, aka ƙara kanwa a kunu. Inna kuwa nata bayanin daban ne. Ta ji ƙishin-ƙishin cewa mijin Yaya yana neman aure, saboda haka a wajenta baƙin ciki ne yarinyar ta ƙunsa ta ƙi faɗa, shi yake cin zuciyarta.

Sai a rana ta talatin da uku, da muka ga leɓɓanta sun canja launi, Baba ya sayar da tunkiya biyu aka ɗauki shatar mota zuwa Tambuwal. A can aka ce abin ya fi ƙarfinsu, a wuce Sakkwato. Muka kama titi, muka wuce Shagari da Boɗinga, tana zaune tana jan numfashi da kyar, kanta bisa kafaɗata. Likitan da ya duba ta ya ce wa Baba zuciyarta ta buɗe ta yi laushi, ba ta iya tura jini, ruwa ya taru a huhunta. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Kwananta huɗu ta cika, saura kwana uku ta yi arba'in. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. A wajen zaman makoki na ji bayani iri biyu suna yawo: masu cewa sanyin jego ne, da masu cewa ta haɗiyi zuciya. Duka kuma sukan rufe da cewa kwana ne ya ƙare, wanda gaskiya ne ba ja.

A 2019 Allah ya nufe ni da shiga jami'a. Abin yana raina, saboda haka wata rana na shiga neman bayani a kan mata masu kumburi bayan haihuwa. Ashe an daɗe da sanin abin. Tun cikin shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, da ke aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, suka lura da yawan matan da ake kawo musu zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Sun bi diddigin mata 224, suka buga sakamakon a 1978. A ƙiyasin lokacin, wajen mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a Zariya takan gamu da wannan ciwo, abin da ya ninka na ƙasashen Turai nesa ba kusa ba. Da suka duba al'adar mutanen wurin sai suka ɗora zargi a kan abu biyu. Na farko kanwa, domin tana ɗauke da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, shi kuwa yana sa jiki ya riƙe ruwa. Na biyu zafin wanka da na gado, wanda yake buɗe jijiyoyin fata ya tilasta wa zuciya ƙarin aiki.

Jama'a, ranar ban yi barci ba. Na ga kamar an kunna mini fitila a ɗaki mai duhu. Da aka ba da hutu ko jakata ban ajiye ba na wuce ɗakin Kaka. Tana ganina ta fara, "Maigida, yau ma babu tsaraba?" Ban amsa wasan ba. A gaban Inna da matan gida na ce mata, "Ke kik kashe Yaya da ruwan zahi da kanwa. Likitoci sun bincika, sun rubuta." Ɗakin ya yi tsit. Ta daɗe tana kallona, sa'an nan ta ɗaga hannunta na dama ta ce, "Da wanga hannu niw wanke ubanka, da shi niw wanke ka. Yau shi na yak kashe jikata? To, Allah ya ji." Ba ta ƙara ko kalma ba. Baba ya yi mini faɗan da bai taɓa yi mini ba, amma ni a raina gani nake na faɗi gaskiya, gaskiya kuwa ɗaci gare ta. Tun daga ranar Kaka ta daina kirana Maigida. In na gaishe ta sai ta ce, "Lahiya lau, Malam." Ta kuma daina zuwa wankan jego ko'ina. Mun fi shekara biyu a haka.

Wanda ya kwance mini wannan ƙuƙumi wani abokina ne ɗalibin aikin likita, wanda muke salla a masallaci ɗaya. A farkon 2022 hira ta kawo hira na ba shi labarin, har ina alfahari da yadda na tsage wa tsohuwa gaskiya. Maimakon ya yaba mini sai ya ce, "Ka karanta na Zariya, ka karanta abin da ya biyo baya?" Na ce a'a. Ya ce to zauna.

Ya fara da yi mini bayanin zuciya kanta. Tsoka ce wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, aikinta tura jini, tana bugawa wajen sau 100,000 kowace rana, ba hutu dare da rana. Idan mace ta sami ciki jinin jikinta yakan ƙaru da kusan rabin abin da take da shi, don a ciyar da ɗan da ke ciki, watau zuciyar mai ciki tana ɗauke da kaya fiye da kima wata da watanni. Lafiyayyar zuciya takan jure. Wadda ta sami rauni kuwa takan saki, a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. In ta saki sai jini ya riƙa komawa baya, ruwa ya taru a huhu, shi ne tari da haki da kasa kwanciya, ya taru a ƙafafu da ciki, shi ne kumburi.

Sa'an nan ya kawo mini binciken da aka yi bayan na Zariya. A Yamai ta Jamhuriyar Nijar, a 1992, an gano cewa matan da ke da wannan ciwo suna da ƙarancin wani sinadari mai suna siliniyam a jininsu, wanda jiki ke samu daga abinci, daga baya kuma aka ga haka a Kano. A nan Sakkwato, a 2007, Isezuo da Abubakar sun ba da rahoton cewa a asibitin koyarwa ana samun mace ɗaya mai ciwon cikin kowace haihuwa 102. Babban cikinsu shi ne wanda Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na faɗin Nijeriya, aka buga a 2020. Sun gwada mata fiye da 400 masu ciwon da wasu masu jego lafiyayyu. Sun tabbatar da cewa yankinmu na arewa maso yamma ya fi ko'ina yawan ciwon. Amma da suka auna, sai suka ga wankan jego da kunun kanwa ba su ne suka bambanta masu ciwo da lafiyayyu ba, kuma zama Bahaushiya ko Bafillatana ba shi ne dalili ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatun zamani, da rashin sana'a, da kuma hawan jinin nan na masu ciki wanda in ya yi tsanani yake kai mace ga jijjiga.

Daga nan abokina ya shiga yi mini tambayoyi kamar alƙali. Yayarka ramammiya ce? Na ce ƙwarai. Ta kumbura kafin ta haihu ko sai bayan an fara wanka? Na ce tun cikin yana wata takwas. Ciwon kai fa? Na ce har da ganin taurari. Wa ya auna jininta, wa ya duba fitsarinta? Na yi shiru. Ya ce, "Ban gan ta ba, saboda haka ba zan yanke hukunci ba. Amma duk waɗannan alamun hawan jinin ciki ne, kuma sun riga tukunyar kakarka hawa murhu. Awon jini na minti biyu da gwajin fitsari sun isa su nuna shi." Na ce to ke nan kanwa da wuta ba su da laifi? Ya ce, "Ban ce ba. Jakin da ya riga ya durƙusa, in ka ƙara masa mangala ka taimaki ajalinsa. Macen da ta kumbura tana haki, gishiri da kanwa da zafi duk ƙarin kaya ne a kanta, kuma kwanakin da kuka yi kuna ƙara wuta kwanaki ne da ya kamata a ce tana asibiti. Amma in laifi kake rabo, ka raba shi daidai. Wa ya hana awo? Wa ya ga kumburi ya yi shiru? Wa ya yi faskare?"

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na ɗauki laifin gida biyu da na gari guda, na ɗora wa tsohuwa ɗaya wadda ta yi abin da uwarta ta koya mata, da niyyar ceton jikarta. Na kuma yi haka da takarda ɗaya tak da na karanta, wadda su kansu masu ilmin sun ci gaba da bincike a bayanta. A nan na gane cewa ni da Kaka da Inna jirgi ɗaya ya ɗauko mu. Kowannenmu ya sami bayani guda ya rungume, ita sanyi, ita baƙin ciki, ni kanwa, ba kuwa wanda ya auna komai.

A watan Fabrairu na 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin nan da ya kai wata takwas, aka sallame mu. Kafin in tafi gida na haɗa 'yan kuɗin da nake da su na sayi na'urar awon jini irin mai batir, abokina ya koya mini yadda ake ɗaura ta. Da na isa na sami Kaka ita kaɗai tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na ce, "Kaka, na zo roƙon gahwara. Abin da nih hwaɗa miki ba daidai na ba." Na kwashe bayanin duka na gaya mata gwargwadon yadda za ta gane. Ta ajiye mazari, ta share ido da bakin zane, ta ce tun ranar da na yi mata wannan magana ba ta yi barci mai daɗi ba. Ta ce ta yi ta lissafin matan da ta gasa a rayuwarta, sun fi a ƙirga, mafi yawansu suna nan da jikokinsu, amma akwai uku da suka kumbura suka tafi kamar Yaya, kuma dukansu tun da ciki aka ga ƙafafunsu sun cika. Ashe ita ma nata binciken take yi a zuci. Sa'an nan ta dubi abin da ke hannuna ta ce, "Mi a wanga kuma, Maigida?" Wallahi ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Da ita na fara. Na ɗaura mata, na'ura ta nuna 170 bisa 100. Likitoci kuwa suna kiran abin hawan jini idan ya kai 140 bisa 90 kuma ya zauna a haka. Ta ce, "Ƙarya takai, ni lahiyata lau." Na sake aunawa washegari da jibi, bai sauka ba. Baba ma da na auna shi nasa ya hau, alhali kullum yana gona. Wannan shi ne sharrin hawan jini, yawancin masu shi ba su jin komai, yana nan yana kumbura tsokar zuciya, yana lalata ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sai ranar da mutum ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye a ce iska ta buge shi. Na kai su asibiti duka biyu, aka ɗora su a kan magani, aka ce su rage gishiri da kanwa da dunƙulen miya. Da Baba an sha fama, don da ya ji sauƙi sai ya ajiye ƙwayoyin, sai da aka fahimtar da shi cewa wannan magani na kullum ne, kamar abinci.

A 2023 ƙanwata ta zo goyon ciki. Kaka da kanta ta aika wa surukanta cewa za a kai yarinya awo, wanda bai yarda ba ya zo ya same ta. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu. Ba mu cika takwas ba, saboda nisa da halin hanya, amma mun yi biyar. A wata na takwas jininta ya hau, aka gani, aka ba ta magani, aka ce lalle ta haihu a asibiti, haka kuwa aka yi. Da ta dawo gida Kaka ta yi mata wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya shiga, ba a hura wuta ƙarƙashin gado ba, kunu kuma aka dama shi da tsamiya. Har ta yi arba'in ina auna ta duk bayan kwana biyu. Tana nan lafiya, ita da ɗanta.

To 'yan'uwa, kada wani ya ce wannan zancen mata ne da mutanen ƙauye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali ne irin tamu. An kuwa daɗe da sanin hanyoyin da ciwon yake bi. Tun 1948 aka fara bin rayuwar mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka, ana auna su shekara da shekaru, har aka tabbatar da cewa ciwon zuciya ba ya faɗo wa mutum haka kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai tsagar da ba mu da iko a kanta, kamar tsufa da gado. Sauran kuwa a hannunmu suke. Babbarsu a ƙasarmu hawan jini, abokin tafiyarsa kuma gishiri. Abin da aka yarda babban mutum ya ci a yini bai kai giram 5 ba, watau ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule da burodi da yajin tsire da taliyar ledar nan da mu ɗalibai muka mayar abincin dare. Akwai taba, ko sigari ko shisha, wadda take ƙuntata jijiyoyi ta sa jini saurin daskarewa. Akwai ciwon suga, da ƙiba, da yawan maiƙo, da zaman wuri ɗaya. A nan ina neman afuwar malamaina, amma wanda ya tashi daga kujerar ofis ya faɗa ta mota, ya sauka ya hau ta falo, Baba da ke gona ya fi shi tsira ta wannan fuska. Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta rabin awa, kwana biyar a mako, ta wadatar. Akwai kuma wata tsaga da ta shafi ƙannenmu: ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi, wanda a ƙauye akan kai yaro wajen wanzami a yanke masa beli. Wani irinsa ƙwayar cuta ce ke kawo shi, in ba a kashe ta da maganin asibiti irin su fenisilin ba, tana iya jawo zazzaɓin da ke lalata ƙofofin cikin zuciya, yaro ya girma da haki.

Baƙin ciki fa, da Inna ta kama? Ba a raina maganarta ba, domin damuwa mai tsawo tana taimaka wa hawan jini. Illarta ita ce takan rufe bakin tambaya. Da zarar an ce wance ta haɗiyi zuciya, sai hankali ya koma kan miji da kishiya, a manta da ƙafar da ta kumbura wata biyu a gaban kowa. Mu da muke nazarin harshe ya kamata mu fi kowa lura da wannan: kalma ɗaya muke da ita ga zuciyar da ke fushi da zuciyar da ke tura jini, har mukan ba ta biyun haƙuri alhali magani take bukata.

Roƙona ga kowane ɗalibi shi ne, in za ka gida hutun nan, ka fara zuwa asibitin makaranta a auna ka. In da hali ku haɗa kuɗi da 'yan garinku ku sayi na'ura ɗaya, ku auna iyayenku. In akwai mai ciki a gidanku, ka zama bakinta a wurin da kunya ta hana ta magana. In ka ga mai ciki ko mai jego tana kumburi, ko ciwon kai mai tsanani, ko haki, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, kada a kwana, a nufi asibiti, ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma za ka gyara wa tsofaffi wata al'ada, ka tabbata ka karanta har ƙarshe, sa'an nan ka durƙusa ka faɗa musu da ladabi. Na gwada ɗaya hanyar, ta ci mini fiye da shekara biyu.

'Yar da Yaya ta bari tana nan a hannun Inna, tana makarantar firamare, kamarsu ɗaya da uwarta har siririn wuyan. Duk lokacin da na je gida ita take ɗauko mini na'ura daga cikin kwallar Kaka, ta tsaya tana karanta lambobin da ƙarfi, Kaka kuwa tana miƙo hannu tana cewa Maigida ya zo duba ko Uwargida ta kusa ba amarya wuri.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu ilmi mai amfani da ladabin ɗaukarsa, amin. Wassalamu.